Harsashi ba ya tambayar shekarun bindiga

Wani rahoto ya ce tsofaffin bindigogin soja sun zama kayan gidan tarihi. Ni dai a ganina rabin magana aka yi.

Ku dubi Mosin-Nagant, bindigar Rasha ta 1891, mai cin harsashi biyar, wadda sai ka ja ƙarfe da hannu bayan kowane harbi. An gan ta a hannun mayaƙan Donbas, yankin gabashin Yukren, a yaƙin ƙasar a 2022. Ba don sun fi son ta ba, rashin uwa ne ya sa aka yi uwar ɗaki, amma duk wanda ta samu bai tashi ya tambayi shekararta ba. Dakarun Kanada masu sintiri a yankin ƙanƙara na arewacin ƙasar kuwa sun riƙe Lee-Enfield, tsohuwar bindigar Birtaniya, tun 1947 har wajen 2018, don tsananin sanyi ba ya hana ta tashi.

AK-47 fa? Ƙirar 1947 ce, ta girmi iyayen masu rataya ta yau. Ta sha ƙura, ta sha laka, a kakkaɓe ta ci gaba da aiki.

Inda na ba marubucin rahoton gaskiya shi ne da dare. Mai madubin gani cikin duhu da jirgi maras matuƙi a sama zai hango ka tun kana gyara kwanciya. Sai kuma batun ajiya, wanda rahoton bai ko taɓo ba: bindigar da cikin bututunta ya cinye, da harsashin da ya sha damina biyar a ɗaki mai yoyo, su ne ke ƙin tashi ranar artabu.