Abin da na gani a gonar Ingila, da abin da na baro a gonarmu

Shekara ta uku ke nan ina aiki a wata gona a gabashin Ingila. A makon farko na miƙa hannu zan ɗauki jarkar maganin ciyawa, don ni ɗan manomi ne, tun ina saurayi nake goya tankin feshi. Mai gonar ya dakatar da ni. Ya ce a nan ba mai taɓa wannan magani sai wanda ya yi horo ya samu takardar shaida. Raina ya ɓaci a ranar. Da na shiga ajin kuwa jikina ya yi sanyi, domin kusan duk abin da aka ce kada a yi, na taɓa yin sa da hannuna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ba sai an sha guba take shiga jiki ba. Fata ma tana zuƙar ta. Sai na tuna tankinmu mai yoyo, da rigar da ke jiƙewa a gadon baya tun safe har azahar, ga gumi, ga rana. Na tuna yadda muke dama magani da hannu, idan bakin famfo ya toshe kuma a sa baki a hura. Wasu magungunan ƙwari jijiyoyi suke taɓawa. Mutum ya dawo da ciwon kai da jiri, yawu na zuba, ga amai, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, mu kuwa mu ce rana ce ta buge shi, a ba shi madara ya kwanta. Madara ba ta karya guba. Abin da ya kamata shi ne a tuɓe masa kayan, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti tare da kwalbar maganin don likita ya san abin da ya shige shi.

Akwai ma maganin ciyawa mai suna paraquat, wanda Tarayyar Turai ta haramta tun 2007. Huhu yake lalatawa, kuma ba shi da makari. Na goya shi ba sau ɗaya ba, ba safar hannu, ba komai a hanci. Jarkar da ta ƙare, a nan sau uku ake ɗauraye ta, kuma ba a sake zuba komai a ciki. A wajenmu na sha ganin yaro ya ɗebo ruwan sha da ita.

Ba ina nufin gonar Turawa ba ta kisa ba ne. Tana yi. A Birtaniya noma na cikin sana'o'in da suka fi cin rayukan ma'aikata: tarakta ta kife, shanu su tattake mutum, wani ya faɗo daga rufin rumbu. Bambancin da na gani shi ne, idan an yi rashi a gona sai an bi diddigin musabbabinsa, sannan a gyara. Haka ƙasar Suwidin ta tilasta sa ƙarfen kariya a kan sabbin taraktoci tun 1959, don kada ta danne direba idan ta kife. A nan Ingila kuma doka ta hana yaron da bai kai shekara 13 ba hawa tarakta, ko da kusa da mahaifinsa zai zauna.

Mu fa? Injin sussuka na gudu, bel ɗinsa a buɗe, mutum na zuba masa dami da riga mai faɗin hannu. Ya fizgi rigar, ya haɗa da hannun. A zo jaje, a ce ƙaddara ce, gobe a kunna injin yadda yake. Na yi imani da ƙaddara. Amma murfin bel ɗin nan, mai walda zai ƙera shi cikin yini guda, kuma hannun da ya tafi ba ya dawowa.

Na san abin da 'yan uwa za su ce, kuma suna da gaskiya: kayan robar da nake sawa a nan, ba mai iya yini da su a zafin bazara. Shi ya sa ba na cewa a kwaikwayi komai. A yi feshi da sassafe kafin rana ta ɗaga, kada a fuskanci iska, a gyara tanki mai yoyo, a sa safar hannu ta roba lokacin haɗa magani, don a nan ne yake da ƙarfinsa. A wanke kayan feshi daban da na iyali.

Sai takalmi. A nan ba na fargabar maciji, amma ba a barin kowa ya shiga gona sai da takalmi mai rufe ƙafa. Mu da muke da kububuwa, wadda ke cika asibitin sarar maciji na Kaltungo a jihar Gombe da manoma lokacin shuka da girbi, mu ne muke shiga ciyawa da silifas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarar maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, kuma yawancin sarar a ƙafa ne ko a hannu.

Bana na aika wa ƙannena uku dogayen takalman roba da safar hannu. Ƙaramin ya kira ni yana cewa, "Yaya, takalmin nan akwai zafi." Na ce masa ya daure ya sa, ko da ranar girbi ce kaɗai da ranar feshi.