Filin wasan jami'ar Meziko: me ya sa ya haura shekara 70 bai zama kufai ba?

A kudancin birnin Meziko, a bakin babban titin Insurgentes, akwai filin wasa na babbar jami'ar ƙasar wadda aka fi sani da UNAM. An buɗe shi ranar 20 ga Nuwamba, 1952, kuma har yau ana buga gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a cikinsa. Filaye da yawa da aka gina bayansa tuni aka rushe su, wasu kuma ciyawa ta cinye su. Wasannin Olamfik na 1968 ne suka yi wa wannan fili suna, amma a ganina ba su suka raya shi ba. Abin da ya raya shi shi ne irin ginin da aka yi masa, da kuma samun masu amfani da shi kowane mako, waɗanda ke ɗauke da nauyin kula da shi.

Unguwar da jami'ar take, Pedregal, fako ne na baƙin dutse da ya daskare bayan aman wutar dutsen Xitle tun zamanin da. Masu zanen filin su uku, Augusto Pérez Palacios da Raúl Salinas Moro da Jorge Bravo Jiménez, ba su kafa dogayen ginshiƙai suka ɗora kujeru a kai ba. Tsakiya suka haƙa, aka tara ƙasa a kewaye, aka daɓe ta har ta zama tudu. A kan gangaren ciki aka shimfiɗa matakalar zama, gangaren waje kuma aka lulluɓe shi da baƙin dutsen nan na wurin. Daga nesa sai ka ga kamar an ajiye ƙaton akushi a ƙasa. An yi amfani da kankare da rodi, musamman a benen sama, amma mafi yawan nauyin ’yan kallo ƙasa ce ke ɗauke da shi.

Wannan dabara tana da amfani ƙwarai. Abin da ke kashe filayen kankare shi ne ruwa: ya bi tsaga ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, kankare ya ɓaɓɓalle. Tudun ƙasa ba ya tsatsa, dutse kuma ba ya neman fenti. Ga shi a kan fako yake, don haka girgizar ƙasar Satumbar 1985, wadda ta ragargaza tsakiyar birnin da ke kan tsohon tafki, ba ta hana a buga gasar cin kofin duniya a cikinsa bayan wata tara ba. Sai dai ginin ciko yana da nasa sharaɗi. Idan magudanar ruwa ta toshe, ruwa ya shiga jikin tudun, ƙasa za ta zauna, matakala ta tsage. Sannan babu sarari a ƙarƙashin kujeru da za a yi shaguna da ɗakunan haya kamar filayen zamani. Shiga da fita kuma sai ta hanyoyin da aka huda ta cikin tudun, dogaye masu rufi, kuma a nan babban haɗarin yake.

A bangon gabas, wanda ke kallon titi, Diego Rivera ya yi wani zane da duwatsu masu launi kan jami'a da iyali da wasanni. Niyyarsa ya zagaye filin gaba ɗaya, amma ya rasu a 1957 bai kammala ba.

Tun farko ba don ƙwallon ƙafa kaɗai aka gina shi ba. A watan da aka buɗe shi aka buga wasan ƙwallon Amurka, wanda ake rungumar ƙwallo a yi gudu da ita, tsakanin ɗaliban UNAM da abokan hamayyarsu na kwalejin kimiyya da fasaha ta ƙasa. Ya karɓi wasannin nahiyar Amurka a 1955 da 1975. Don Olamfik na 1968 aka faɗaɗa shi ya ɗauki sama da mutum 80,000, aka shimfiɗa masa titin tsere na roba, karo na farko a tarihin Olamfik da aka bar titin burji. Birnin yana kan tudu mai tsawon mita 2,240 daga gaɓar teku, iska ba ta da kauri, don haka masu gajeren tsere da tsalle suka yi abin mamaki. Jim Hines ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.95, Bob Beamon ya yi dogon tsalle na mita 8.90. A dogon zango kuwa ’yan Afirka da suka tashi a tuddai suka yi zarra: Naftali Temu da Kip Keino na Kenya, da Mamo Wolde na Habasha. A nan ’yan tseren Amurka Tommie Smith da John Carlos suka ɗaga hannu sanye da baƙar safar hannu don nuna adawa da wariyar launin fata. Bai kamata a manta ba cewa a watan Satumba na shekarar sojoji sun mamaye harabar jami'ar, kuma kwana goma kafin bikin buɗewa aka harbe ɗalibai masu zanga-zanga a dandalin Tlatelolco.

Olamfik dai mako biyu ne. Gasar ɗaliban jami'o'in duniya ta 1979, inda Pietro Mennea na Italiya ya yi mita 200 cikin daƙiƙa 19.72, ita ma ’yan kwanaki ce. A kofin duniya na 1986 wasa huɗu kacal aka buga a filin, ciki har da wanda Ajantina ta doke Koriya ta Kudu da ci 3 da 1, da wanda Faransa ta fitar da Italiya da ci 2 da nema. Da a kan waɗannan filin ya dogara, da tuni jemagu sun tare a ciki.

Kulob ɗin ƙwallon ƙafa na jami'ar, Pumas, shi ne ya riƙe shi. An kafa shi a 1954, ya hau rukunin farko a 1962, ya ci kofin ƙasa sau 7. Hugo Sánchez, wanda ya je ya yi fice a Real Madrid, a nan ya fara, yana buga ƙwallo yana karatun likitan haƙori a jami'ar. A 1975 aka ɗauki matakin da nake ganin ya fi kowanne muhimmanci: jami'a ta miƙa tafiyar da kulob ɗin ga wata ƙungiya mai zaman kanta, don kada asararsa ta riƙa cin kuɗin karatu. Fili na jami'a ne, suna da tambari na jami'a ne, amma albashin ’yan wasa da cinikinsu ba sa fitowa daga kasafin ɗakin karatu. Jami'ar da ta haɗa aljihun biyu, duk shekarar da kuɗi ya yi ƙaranci ɗaya daga cikinsu zai kwana da yunwa, kuma filin wasa ne ake fara yankewa.

Amfani iri-iri yana da wahalarsa, kuma ciyawa ce ke fara shan ta. Filin ƙwallon ƙafa na manyan gasa mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, ana aske ciyawarsa ta tsaya wajen milimita 25 zuwa 30. Ƙwallon ƙafa bakin raga da tsakiyar fili take ci. Ƙwallon Amurka kuwa tsakiyar filin take nomewa daga wannan kai zuwa wancan, domin ƙarti ne ke turereniya a wuri ɗaya, ga layuka birjik da sai an goge kafin wasan Lahadi. Ƙasar da aka tattake takan danƙare, ruwa ya kasa shiga, saiwa ta shaƙe. Maganinta a huhhuda ta, a zuba yashi mai laushi, a share, a sake shuka inda ya yi sanƙo, a kuma bar ta ta huta. Don haka atisaye na yau da kullum ba a babban fili ake yinsa ba, sai a ƙananan filaye na gefe. Jami'ar da ta gina fili ɗaya tal, ta ce a nan za a yi atisaye da gasar tsangayoyi da bikin yaye ɗalibai, ba za ta ga ciyawa bayan damina biyu ba.

Ranar 26 ga Mayu, 1985, aka buga zagaye na biyu na wasan ƙarshe na gasar ƙasa a filin, tsakanin Pumas da kulob ɗin América. Jama'a sun fi ƙarfin filin, masu tikiti da marasa tikiti. A hanyar shiga mai lamba 29 mutane suka cushe, na gaba ba su da wurin tafiya, na baya kuma ba sa ganin abin da ke gaba, suna ta turawa. Aƙalla mutum 8 suka mutu, har da yara, aka kuma ci gaba da wasa. Kwana uku bayan haka mutum 39 suka mutu a filin Heysel na Beljiyam, sai hankalin duniya ya koma can.

Irin wannan mutuwa ba tattakewa ba ce kamar yadda ake yawan faɗa, matse ƙirji ne har numfashi ya ɗauke, mutum yana tsaye. Da zarar an haura mutum 4 ko 5 a kowace murabba'in mita, an shiga haɗari. Ƙa'idar da ake aiki da ita a Birtaniya ta ce ƙofar ƙirga mai juyawa mutum 660 take shigarwa a awa ɗaya, hanya mai faɗin mita ɗaya a shimfiɗe tana wuce da mutum 82 a minti, a kan matakala 66, kuma a iya fitar da ’yan kallo daga wurin zama cikin minti 8. Mai karatu na iya yin lissafin da kansa: fili mai ɗaukar 60,000 yana bukatar ƙofar ƙirga wajen 91 idan ana so kowa ya shiga cikin awa ɗaya, da hanyoyin fita da jimillar faɗinsu ta haura mita 90. A duba tikiti tun daga shingen waje, nesa da bakin hanya mai rufi. Kada a taɓa kulle ƙofa a ƙarshen irin wannan hanya alhali bakinta a buɗe yake. Jami'o'inmu da ke gina filaye duk lokacin da za su karɓi wasannin jami'o'in Nijeriya (NUGA) ya kamata su nemi waɗannan alƙaluma daga ɗan kwangila kafin su tambaye shi launin kujeru.

A 2007 hukumar UNESCO ta sa tsakiyar harabar jami'ar, har da filin, cikin wuraren tarihi na duniya. Wannan ya ɗaure hannun masu son a yi masa gyaran zamani. Mafi yawan kujerunsa ba su da rufi, ga shi Pumas sun saba buga wasa da tsakar ranar Lahadi, titin tsere mai mita 400 kuma ya nisanta ’yan kallo da fili. Ƙorafin magoya baya gaskiya ne, amma ina goyon bayan a bar titin inda yake. Ranar da aka cire shi, filin ya zama na kulob kaɗai, ɗalibin da ke gudu ko tsalle ya rasa wurinsa, jami'a kuma ta rasa hujjar riƙe fili mai girma haka a cikin harabarta.