Ku daina auna masanin taurari da awon Google Scholar

Wannan jadawalin da ake ta yawo da shi tun jiya, wai jerin "manyan masana sararin samaniya", wallahi ya ishe ni. An jera mutane daga na ɗaya zuwa na hamsin bisa yawan ambaton da takardunsu suka samu a rubuce-rubucen masana, irin wanda shafin Google Scholar ke ƙirgawa, kuma jama'a sai tafi ake yi. Har wani bawan Allah ya rubuta a ƙasa cewa duk wanda ma'aunin h ɗinsa bai kai 40 ba, bai fara bincike ba tukuna. Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara basira.

Ma'aunin nan fa wani masanin fiziya ne, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro shi a 2005. In an ce h ɗinka 40, ana nufin kana da takardu 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Iyakacinsa ke nan. Abin da yake ƙirgawa shi ne inda sunanka ya fito. Wanda ya yi tunanin, da wanda ya kwana yana gyaran na'ura, da wanda aka liƙa sunansa don yana cikin ƙungiya, duk kuɗinsu ɗaya a wurinsa.

A ranar 17 ga Agusta 2017 na'urorin LIGO da Virgo, masu sauraron girgizar sararin samaniya, suka ji girgizar karon wasu taurarin niyutiron guda biyu (ragowar manyan taurarin da suka mutu), cibiyoyin hangen sama kusan 70 suka juya suka bi sawu. Takardar da ta tattara wannan aiki ta fito da sunayen mutum sama da 3,500. Duk lokacin da wani ya ambace ta, kowane ɗaya daga cikinsu sai a rubuta masa maki guda cur, ba a raba. Kamar a yi gayya a gona, da mai garma da mai kawo kunu da wanda ya zo ana tashi, sannan a rubuta cewa kowannensu shi ya nome gonar baki ɗaya. Ba raina haɗin gwiwa nake ba, babu mutum ɗaya da zai iya gina LIGO. Amma kar a zo a ce min lambar nan ta faɗa mana wane ne wane.

Sai ka ji an ce ai lamba ba ta ƙarya. To ku je ku gaya wa Henrietta Leavitt. A Harvard take aiki, ana biyanta kusan santi 30 a awa, tana duba hotunan sama na gilashi. Ita ta gano cewa a wani nau'in taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa, tsawon lokacin da suke ɗauka yana nuna ainihin ƙarfin haskensu. Da wannan aka samu hanyar auna nisan abin da babu mai iya zuwa. Sanarwar 1912 da ta ƙunshi binciken, sa hannun shugabanta Edward Pickering ne a ƙasa, ita kuwa a cikin rubutun aka ambace ta. Da awon nata Edwin Hubble ya nuna cewa Andromeda wani gungun taurari ne daban, ba cikin namu take ba. Ta rasu a 1921. A jadawalinku na jiya, wa za a bai wa makin?

Ko Jocelyn Bell. Ɗaliba ce a Kambirij, da hannunta aka kafa wata na'urar sauraron siginar rediyo daga sararin samaniya, ita ke bin takardar da na'urar ke zanawa, kusan mita 30 kullum, har a 1967 ta lura da wani ɗan tabo da ke maimaita kansa duk bayan daƙiƙa ɗaya da sulusi, ashe alamar wani sabon nau'in tauraro ce. Takardar ta fito a mujallar Nature a 1968, sunanta na biyu cikin biyar. Nobel ta 1974 ta tafi ga malaminta Antony Hewish tare da Martin Ryle. Da aka ba ta kyautar dala miliyan 3 a 2018, gaba ɗaya ta bayar don a ɗauki nauyin karatun ɗaliban fiziya waɗanda ba su cika samun dama ba. Wace lamba ce ta kama wannan?

Na san za a ce dole a samu abin awo, kwamiti ba zai karanta takardun mutum ɗari ba. Wannan lalaci ne aka sa wa riga. In ba za ka iya karanta takardu uku na wanda za ka ɗauka aiki ba, me kake yi a kwamitin?

Abin da ke ci min rai da gaske shi ne yaranmu. Matashin da ke jami'ar da babu madubin hangen nesa, babu kuɗin taro, wuta ma sai an yi sa'a, ba shi da ƙofar shiga irin waɗancan manyan ƙungiyoyi. Zai shekara yana aiki shi da malaminsa, a ambace shi sau goma, ya ga jadawalin nan ya ɗauka shi ba komai ba ne. Daga nan sai ya koyi dabarar sa ni in sa ka, da ambaton kai, da yanka bincike ɗaya gida huɗu. Mu muka koya masa, da fostocin taya murna da muke bugawa duk lokacin da wani ya shiga wani jeri.

Af, masu turo min saƙo in duba musu tauraronsu kafin ɗaurin aure, don Allah ku yi haƙuri ku daina. Ba wannan layin nake ba. In dai Zara ce ko Kaza da 'Ya'yanta, zan nuna muku inda suke fitowa, amma ko surukarku za ta so ku, wannan babu shi a manhajarmu.