Ƙafarka ce jarinka: nasiha ga matasa 'yan ƙwallo daga rayuwar Santi Cazorla

Assalamu alaikum ƙannena masu buga tamaula, musamman ku 'yan tsakiya da ke fatan wata rana a kira sunanku a manyan filaye. Kuna ba takalmi da riga kulawar da ba ku ba ƙafar da ke cikin takalmin, kuma wannan sakacin yana kashe 'yan wasa tun kafin duniya ta san su. Shi ya sa nake so mu bi sawun Santi Cazorla, ɗan wasan tsakiya na Sifaniya, mu ga abin da ƙafa ta ba shi da kuma abin da ta kusa raba shi da shi.

An haife shi a 1984 a yankin Asturias da ke arewacin Sifaniya, ya tashi a makarantar horon yara ta Real Oviedo. A 2003 bashi ya durƙusar da Oviedo, sai Villarreal ta ɗauke shi. Gajere ne, bai kai mita 1.70 ba, ba shi da ƙirar da za ta tsorata kowa. A 2006 ya yarda ya koma Recreativo de Huelva, ƙaramar ƙungiyar da ta hauro La Liga a shekarar, inda ya haɗu da ɗan Najeriya Ikechukwu Uche. Can ya samu abin da matashi ya fi buƙata, wato buga wasa duk mako. Recreativo ta ƙare ta takwas, Villarreal kuwa da ma ta sa sharaɗin sake sayensa a yarjejeniyar, sai ta dawo da abinta a 2007. Kakar da ta biyo baya Villarreal ta zo ta biyu a bayan Real Madrid, shi kuma ya ɗaga Kofin Turai na 2008 da ƙasarsa. Wanda ke da shekara ashirin yana dumama benci a babbar ƙungiya don a ce a can yake, to ya sake lissafi.

Abin da ya rufa wa gajartarsa asiri shi ne ƙafa biyu. Yana bugun kwana da dama, yana yi da hagu, haka ma bugun tazara. Amfanin wannan a tsakiyar fili ba ado ba ne. Mai ƙafa ɗaya idan an matse shi sai ya ƙara taɓawa ɗaya don ya mayar da ƙwallo ƙafar da ya saba, kuma a wannan taɓawar ake ƙwace ta. Mai tsaron baya da ya gane ka ba ya wahala, ɓangare ɗaya kawai zai toshe. Maganin ba ya buƙatar kuɗi: bango, ƙwallo, da minti 20 zuwa 30 bayan atisaye. Tsaya kamar taku biyar daga bangon, ka buga da cikin ƙafar da ba ka iya ba, ka tare da ita, ka sake bugawa. Idan ta fara zama, ja baya zuwa taku goma, sannan ka koyi tarewa da ɗaya ka buga da ɗayar. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye ƙafar tsayuwa nesa da ƙwallo da sakin idon sawu lokacin bugu, shi ya sa take tashi sama ko ta tafi ba ƙarfi.

A 2011 Málaga, wadda wani attajiri ɗan Katar ya saya, ta ɗauke shi da kuɗi masu yawa. Sun ƙare na huɗu, sun samu gurbin Gasar Zakarun Turai karon farko a tarihinsu, amma kafin a je ko'ina albashi ya fara maƙalewa, dole aka sayar da shi ga Arsenal a watan Agustan 2012. Ko a Turai ana riƙe wa ɗan wasa haƙƙinsa, don haka kafin ka sa hannu, tambayi waɗanda ke cikin ƙungiyar ko ana biyansu a kan lokaci.

A kakarsa ta farko a Ingila ya buga duka wasanni 38 na Firimiya, ya ci ƙwallo 12. Shi ya ci bugun tazarar da ya farfaɗo da Arsenal a wasan ƙarshe na Kofin FA na 2014, bayan Hull City ta zura musu biyu, Arsenal ta yi nasara da 3-2. Daga baya kocinsu Arsène Wenger ya janyo shi baya kusa da ɗan tsakiya Francis Coquelin, ya zama shi ke raba ƙwallo daga ƙasa. Duk wannan kun sani. Abin da ba a gani a talabijin shi ne da ciwo yake yin yawancinsa.

A watan Satumban 2013, a wasan sada zumunta tsakanin Sifaniya da Chile, aka buge shi a idon sawun dama, ƙashin wurin ya samu matsala. Ya ɗan huta ya dawo, ya ci gaba da wasa a kan ciwon shekara da shekaru. A ƙarshen 2015 jijiyar gwiwarsa ta samu rauni a wasa da Norwich. Sai a watan Oktoban 2016, a wasan da Arsenal ta ci Ludogorets 6-0, idon sawun ya ce ya gaji, kuma bai sake buga wa Arsenal wasan gasa ba. An yi masa tiyata a watan Disamba da zaton 'yan watanni zai yi. Ɗinkin ya ƙi kamawa, a rufe ya buɗe, ruwa na fita. Ashe ƙwayoyin cuta sun shiga, suna cin nama daga ciki. Lokacin da likita Mikel Sánchez na birnin Vitoria ya buɗe wurin, ya tarar sun cinye kusan santimita 8 na jijiyar agara, sun kuma taɓa ƙashin dunduniya. Har maganar yanke ƙafar ta taso. An shiga da shi ɗakin tiyata aƙalla sau takwas, aka yanko fata daga hannunsa aka lulluɓe wurin. Kwana 636 ya yi bai buga wasa ba.

Ku tsaya ku yi tunani: wannan ɗan wasan Arsenal ne, mai kuɗin ganin duk likitan da ya ga dama. To ina ga kai da ke buga wasan unguwa ko ƙaramin rukuni, wanda idan ka ji rauni sai dai abokai su yi maka karo-karo?

Idan ka gurɗe a idon sawu, fita daga fili nan take. Naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, ka maimaita duk bayan awa biyu ko uku a kwana biyun farko, ka ɗaure da bandeji ba tamau ba, ka ɗaga ƙafar sama da ƙirjinka idan ka kwanta. Kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi a waɗannan kwanakin, domin kumburin zai ƙaru. Idan ba ka iya taku huɗu a kanta, ko kuma ƙashin da ya turo a gefen idon sawun na zafi idan an danna, je a ɗauki hoto kafin kowa ya ja ƙafar da sunan ɗori. Kada ka koma wasa sai ka iya tsayawa a kan ƙafar ita kaɗai, ka yi tsalle a kanta, ka yi gudu ka juya ba tare da zafi ba.

Babban abin da ke damuna shi ne ƙwaya da allura. Zafi saƙo ne da jiki ke aiko maka. Tramadol ko allurar kashe zafi kafin wasa ba sa gyara komai, suna toshe saƙon ne kai kuma ka ci gaba da yaga abin da ya fara yagewa, ga jaraba da ke biyo baya. Allurar kotizon, wato ta rage kumburi, idan aka yawaita ta a wuri ɗaya tana raunana jijiya tana sirantar da fata, kuma bayan dunduniya wuri ne mai ƙarancin jini da nama, shi ya sa ciwonsa ke jinkirin warkewa. Idan an yi maka ɗinki, sa ido: ja, zafi, kumburin da ke ƙaruwa, mugunya, wari, zazzaɓi, ko ɗinkin da ke buɗewa. Ɗaya daga cikinsu ya isa ka koma asibiti a ranar. Nemi a ɗauki ruwan ciwon a gwada a gano irin ƙwayar cutar, maimakon ka je kemis a haɗa maka kafso a kan zato. Kuma idan an rubuta maka magani, shanye shi har ƙarshe.

Cazorla ya dawo, amma da wata da watanni na gashi da motsa gaɓɓai a birnin Salamanca. Villarreal ta sake karɓarsa a 2018, lokacin da Samuel Chukwueze ke fara haskawa a ƙungiyar. A watan Janairun 2019 ya zura wa Real Madrid biyu aka tashi 2-2, Sifaniya ta sake kiransa a shekarar, kaka ta gaba ya ci 11 a La Liga. A 2020 ya tafi Al Sadd ta Katar ƙarƙashin koci Xavi, ya ɗauki kofin lig sau biyu. A 2023 ya koma Oviedo a kan mafi ƙarancin albashin da dokar rukuni na biyu ta yarda da shi, ya nemi kashi 10 cikin ɗari na cinikin rigarsa ya tafi makarantar yara. A watan Yunin 2025, yana da shekara 40, a wasannin neman hawa La Liga, ya ci Almería da bugun tazara, ya ci Mirandés da fenareti, Oviedo ta koma La Liga bayan shekara 24.

Sai dai kada wani shugaban ƙungiya ya kafa maka hujja da wannan ya ce ka buga don kishi kawai. Cazorla ya yi haka ne bayan ya tara abin da zai riƙe iyalinsa. Kuma lokacin da yake kwance, yana da kwantiragi a rubuce, har Arsenal ta tsawaita masa shi da shekara ɗaya a 2017. Kai ma kafin ka sa hannu a kowace takarda, nemo layin da ya faɗi wanda zai biya kuɗin hoto da tiyata da jinya idan ka ji rauni, da kuma ko albashinka zai ci gaba a lokacin. Idan babu shi, ka ce a rubuta, sannan ka karɓi kwafinka ka kai gida ka adana.