Ni dai ban yarda aƙida ce ta haddasa Yaƙin Cacar Baka ba

Jiya a majalisa muka yi ta musu da wani abokina malamin makaranta, shi ya dage wai rigimar Amurka da Tarayyar Sobiyat tun asali faɗan aƙida ne, jari-hujja da gurguzu ba sa ga maciji shi ke nan magana ta ƙare. Na ce masa malam ai in haka ne me ya sa suka haɗa kai daga 1941 har 1945 suna yaƙar Hitler, lokacin aƙidar ta tafi hutu ne? Ni a ganina tsoro ne da rabon ganima, aƙidar kuwa babbar riga ce da kowa ya yafa don ya fita kunyar mutanensa.

Ban ce babu ƙiyayya tun da can ba. Bayan juyin juya halin 1917 Amurka da Ingila har soja suka tura Rasha a 1918, kuma Amurka ba ta amince da gwamnatin Sobiyat ba sai 1933. To amma zaman doya da manja ne kawai, kowa na harkar gabansa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wata 'yar takarda. Watan Oktoba 1944 Churchill, firaministan Ingila, ya je Mosko, ana tsaka da yaƙi ko Berlin ba a kama ba, ya ɗauki takarda ya rubuta, Romaniya kashi 90 na Rasha, Girka kashi 90 na Ingila, Yugoslabiya a raba biyu, ya tura wa Stalin shugaban Sobiyat ta kan tebur, shi kuma ya ɗauki fensir shuɗi ya yi mata alamar ya yarda ya mayar masa. Wallahi kamar masu rabon naman watanda! Ƙasashe guda da miliyoyin mutane a ciki, ba wanda ya tambaye su. Don Allah ina jari-hujja ina gurguzu a nan? Kuma abin mamaki Stalin bai tsoma baki ba da sojan Ingila suka murƙushe 'yan gurguzun Girka a Atina ƙarshen wannan shekarar, 'yan aƙidarsa fa.

Sai maganar tsoro. Sobiyat ta rasa mutum wajen miliyan 27 a yaƙin nan, Amurka kuwa dubu 400 da ɗoriya, kuma masana'antunta ko ƙwarzane. Napoleon ya bi ta Folan ya shiga Rasha a 1812, Hitler ma ta nan ya bi a 1941, to wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, shi ya sa Stalin ya kafe sai gwamnatin da ke Folan ta zama tasa. A taron Yalta na Fabrairu 1945 ya yi alƙawarin zaɓe na gaskiya, ya kuma saɓa, kar wani ya ce ina wanke shi, mutumin nan azzalumi ne na bugawa a jarida, yadda 'yan gurguzu suka ƙwace mulki a Cekoslobakiya a 1948 da goyon bayansa ma ya isa shaida.

Su ma Amurkawan ba su taimaka ba. Shugabansu Roosevelt ya mutu a Afrilu 1945, mataimakinsa Truman ya hau bai san kan abubuwa sosai ba, a taron Potsdam cikin Yuli ya matsa kusa da Stalin ya ɗan tsegunta masa wai sun samu wani sabon makami mai ɓarna ƙwarai, Stalin ko gezau, ashe 'yan leƙen asirinsa sun daɗe da kai masa labari. Ka ga abokan tafiya ke nan, wannan na ɓoyewa wancan na leƙe. Bayan Amurka ta jefa makamin nan, wato bam ɗin nukiliya, a Hiroshima ta Japan ranar 6 ga Agusta ai yarda ta gama ƙarewa.

Daga nan komai ya zo da gudu, Churchill ya yi jawabin da ya ce labulen ƙarfe ya raba Turai gida biyu a 1946, Truman ya nemi dala miliyan 400 don Girka da Turkiyya a 1947, shirin Marshall na tallafin Amurka ya zuba wajen dala biliyan 13 a Yammacin Turai, Stalin ya toshe hanyoyin Berlin a 1948 aka koma kai abinci da gawayi ta jirgin sama kusan shekara guda, a 1949 aka kafa ƙawancen sojan Amurka da ƙasashen Yamma wato NATO, a shekarar ita ma Sobiyat ta gwada nata bam ɗin. Ku lura sai a wannan tsakanin ne aka fara ɗaga muryar 'yanci da 'yancin ma'aikata da ƙarfi, don dole a gaya wa talaka dalilin da za a ci gaba da kashe kuɗinsa a makamai bayan an ce masa yaƙi ya ƙare.

Abokin nawa ya ce to ai Sin ta koma gurguzu a 1949 saboda aƙida. Na ce haka ne, amma ka duba 1969, Sin da Sobiyat duk 'yan gurguzu suka yi ta harbin juna a kan iyaka, bayan shekara uku kuma ga Nixon shugaban Amurka a Beijin yana gaisawa da Mao shugaban Sin. Ya ce zai dawo min da amsa ranar Asabar.