Manhaja ba ta kallon fim

Wani sabon yayi ya shigo wa masu shirya finafinai a Yamai, kuma ya ishe ni. A gama ɗaukar fim, a buɗe manhajar ƙirƙirarriyar basira, a rubuta mata "kiɗan baƙin ciki, minti biyu", ta zubo, a manna. Mai kiɗan da a da ake kira situdiyo ya zauna gaban fiyano an sallame shi, wai an rage kashe kuɗi.

Dama can ba mu ɗauki mai wannan aiki a bakin komai ba. Mamman Sani ya yi shekaru ana jin kiɗansa tsakanin shiri da shiri a rediyo da talabijin na ƙasa, yara suna bin sautin da baki, amma da yawa ba su san sunansa ba. Kaset ɗin da ya naɗa a 1978 sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013 sannan muka fara tinƙaho da shi.

Masu cewa manhaja ta fi arha, ai ruwan kwata ma kyauta ne.

Ku tambayi dattawan da suka kalli finafinan kaboyi a silima, irin waɗanda Moustapha Alassane, da ya zauna a Tawa, ya kwaikwaya cikin raha a 1966. Labarin ya ɓace wa da yawansu, amma fiton nan na kiɗan finafinan yana kansu har yau. Ennio Morricone ne ya tsara shi, ɗan birnin Rum da aka haifa a 1928, ya rasu a 2020 bayan ya yi wa finafinai sama da 400 kiɗa. Darakta Sergio Leone har yakan sa shi ya gama kiɗan tun kafin a fara ɗauka, a kunna a wurin aiki, ƴan wasa su yi tafiya daidai da shi. Wannan matsayin ake ba mai kiɗa inda aka san darajarsa.

Aikin kuwa ba cike gurbi ba ne. Mai kiɗa yana kallon fuskar uwar da aka kawo wa saƙon mutuwa, ya yanke cewa a nan shiru ya kamata, sai ta zauna a kan tabarma sannan gurmi ya shigo a hankali. Manhaja ba ta ga fuskar ba. Shi ya sa za ka ji amarya tana kuka a ƙauyen Adar, a bayanta ana goge irin na cocin Turawa, darakta kuma ko a jikinsa.

Muna da cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya a nan Yamai, muna da gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu, muna da hukumar BNDA mai kare haƙƙin masu fasaha. A ware wa kiɗan fim kyautarsa, a tilasta rubuta sunan mai kiɗa a farkon fim, a biya shi. Furodusan da ya iya hayar jibgegiyar mota don jarumi ya fito daga cikinta sau ɗaya, kada ya ce mana jikkunan mai gurmi ne suka gagare shi.