Neman STK a wurin dila

Duk mai gyaran amfilifaya ya san wahalar samun STK4192, wato IC ɗin da ke ƙara ƙarfin sauti a cikin amfilifaya. Kamfanin Sanyo ne ke yin ta a da, kamfanin ON Semiconductor ya saye sashen Sanyo mai ƙera ta a 2011, kuma an daɗe da daina ƙera ta. Su kuwa tsofaffin amfilifayoyin masallatai masu amfani da ita ba su daina ƙonewa ba.

Ka kira dila, ya ce maka, "Akwai, Malam, orijina ce." Ka ce biyu kake so, ya ce sai dai ka ɗauki hamsin, ka ba da kafin alƙalami, kaya na hanya daga birnin Shenzhen na China. Hamsin! Miya zan yi da su?

In sun iso, rubutun jikinsu fes, amma ka ɗora ɗaya a tafin hannu ka ji ba nauyi. Ka goga ɗan tina, ruwan sirka fenti, lambar ta bi auduga. Ka daure ka sa dalma, ka kunna, nan take ta ɗau zafi ta buga, wani sa'in har da lasifika. Dila ya ce kayan wuta ba a mayarwa, mai amfilifaya kuma kai yake wa kallon macuci. Ni yanzu gara in ciro ta gwanjo daga matacciyar rediyo.